Wutar Kaka Dulcie

Kwaɗo suka tarar a ƙofar shingen, sabo fil, da allo a rataye: ba shiga, ba kunna wuta. Loretta ta sauko daga mota ta karanta, ranta yana tafasa. Shekara uku tana birnin Darwin tana karatun lauya, ta dawo ta tarar sabon manajan gonar shanu ya rufe hanyar tafkin da aka haifi kakarta a bakinsa.

"Me ya faru?" in ji Kaka Dulcie daga cikin mota.

"Wai kada mu shiga, Kaka."

"Allon ne ya faɗa? To, ki gaishe shi. Miƙo mini sandata."

Kawu Clem ya ɗaga wayar shinge, suka sunkuya suka wuce. Juyawa ba ta taso ba, domin ƙona ciyawar bakin tafkin suka zo yi kamar yadda magabata suka saba. Ciyawa tana da sauran danshi a makon nan kawai, in ta bushe ƙarau ba a ƙona ta sai baɗi, kuma likitan da ya saurari ƙirjin Kaka bai yi mata alkawarin baɗi ba.

Awa huɗu suka yi a ƙasa. Loretta ta ɗauki shimfiɗu biyu da jarkar ruwa, takalmi ya saɓule mata diddige. Da suka isa, Kaka ta ɗaga murya ta sanar da magabata sunayen waɗanda suka zo, ta yayyafa wa Loretta ruwan tafki a ka saboda ta daɗe ba ta nan. Suka binne wutsiyar kangaru a toka, suka ci da burodin gashi, Kawu yana tsokanar lauya mai ɗingishi.

Da sassafe, raɓa ba ta ɗauke ba, Kaka ta kunna ɓawon itace tana tafe tana dangwala wa ciyawa. Wutar ba ta wuce gwiwa ba. Rarrafe take yi, ƙadangaru suna ficewa a gabanta, shirwa na shawagi a sama.

Hayaƙin ne ya kawo manajan, wani dogo mai suna Garth. Ya faka motarsa cikin doguwar ciyawa, ya diro yana ihu.

"Wa ya ba ku izini? 'Yan sanda zan kira!"

"Izini?" Loretta ta tare shi. "Wata nawa ka yi a nan? Haya kuke yi, Malam, ba saye ba. Kira su, zan karanta musu dokar da bakina!"

"Ba za a ƙara kunna ko tsinke ɗaya ba!" in ji Garth.

"Loretta, bar surutun," Kaka ta faɗa ba ta ko waiwayo ba. "Gaya wa yaron nan ya janye motarsa. Iska za ta juya kafin shayi ya tafasa."

Garth ya buɗe baki zai yi dariya, sai ya ji iskar a ƙeyarsa. Ya kwasa da gudu.

"Ashe ɗan tsere ne!" Kawu Clem ya yi masa kirari.

Bai sami inda zai ajiye motar ba sai kan baƙar ƙasar da Kaka ta riga ta ƙona. Nan ya tsaya yana kallo har wutar ta gangara busasshen rafi ta mutu don kanta.

Kaka ta zauna a gindin itace tana haki, idonta a kan filin. Ta gama aikinta.

"Zuba masa shayi."

"Haba Kaka! Wannan?"

"A ƙasata yake tsaye. Ba a tafiya daga wurina da ƙishirwa."

Loretta ta zuba, ta ƙi sa sukari. Ta miƙa masa kofin, tana kallonsa ido cikin ido.

"Karɓi, baƙo."