Jaririyar da Jarida ta Yaba

Kawun mijina, Malam Gregory, ya rubuta littafin da ake karantawa a kwalejoji. Ni ma na karanta shi, lokacin ina da cikin Edna. Labarin wata matar manomi ce da mijinta ya shiga jirgin ƙasa a nan Kafanchan bai dawo ba. Wurin da masana suka fi yabo shi ne inda ta kwantar da jaririnta tsirara a kan cittar da ta shanya a dutse, ta zauna tana kuka. An ce wani farfesa ya yi hawaye a wurin. Ni dai da na kai shafin, na san Kawu ya bar gona tun yana ɗan shekara tara.

A 1976 mutanen talabijin suka zo daga Kaduna za su mai da littafin fim. Mijina Meshak ya dawo daga aiki yana murna, wai Kawu ya zaɓi Edna, 'yar wata biyar, ta fito a matsayin jaririn. Sai ranar na tuna da dutsen.

Ranar ɗaukar fim muka tarar an shanya fasasshiyar citta buhu uku a kan dutse, rana ta gasa ta, ƙamshinta na sa atishawa tun daga bakin hanya. Mai ba da umarni, wani Mista Gilbert mai wando kamar siket, ya ce in tuɓe wa yarinyar riga. Na yi masa bayani cikin ladabi cewa ko babba ya yini yana juya citta, hannunsa zafi yake yi, balle fatar jariri da idonta. Ya ce littafi ne da ya ci lambar yabo, ba a taɓa ko waƙafi ɗaya a cikinsa. Meshak ya kau da kai yana kallon takalminsa.

Kawu ya gyara tabarau.

"Maman Edna, adabi yana bukatar sadaukarwa. Minti biyar ne kawai."

Na durƙusa yadda ake yi wa suruki. "To Baba, ku ne kuka rubuta. Ku tuɓe riga ku kwanta minti biyar ɗin. In kun tashi lafiya, ga ta."

Matan da suka kawo cittar suka daina hira. Da ba sa wurin, na tabbata da ya ƙi. Ya cire kwat, ya cire shat, ya kwanta a kan cittar yana gumi, yana yi wa Mista Gilbert bayanin ma'anar dutse a labarin. Ina goye da Edna ina kallon agogon Meshak. Bai cika minti biyu ba ya soma mutsu-mutsu. Sai ya share gumin ido da hannu. Daga nan bayanin ya ƙare, sai kiran ruwa da yarenmu, wanda ya ce ya manta tuntuni.

Da yamma aka ɗauki fim ɗin da ƙatuwar doya naɗe a zanena, daga nesa. Bayan wata shida Meshak ya kawo jarida daga Kaduna. Marubucin ya yabi jaririyar ƙwarai, ya ce natsuwarta ta nuna haƙurin mutanen karkara.

Doyar kuwa tun a daren ranar na dafa ta, na aika wa Kawu nasa da man ja. Ya ci a tsaye, don bayansa bai yarda da kujera ba.