Shafi Tara na Baba Tafireta

"Ya sake ƙi," na ce, ina kallon saƙon da ya fito a allon kwamfutar karo na huɗu.

Baba Tafireta ya gyara zama a kan bencin shagona, ya tura tabarau kan hanci ya leƙo. "Me yake cewa kuma, Injiniya?"

"Wai ba zai goge wannan ɓangaren ba, balle ya zuba sabon windo a kai. Taurin kai ne irin na tsofaffi, Baba."

"Ka ji ɗan banza," ya ce yana dariya. Dariyar ta koma tari, sai da ya dafa ƙirji ya jira ta lafa.

Maƙwabcina ne, bango ɗaya ya raba ɗakin kwanana da falonsa. Shekara talatin ya yi yana buga takardu a ofis kafin ya yi ritaya, shi ya sa duk layinmu ba mai kiransa da wani suna sai Baba Tafireta. Ni kuwa ko ƙofar jami'a ban taɓa takawa ba, shi ya liƙa mini Injiniya tun ranar da na buɗe shagon gyaran kwamfuta, har sunan ya bi ni.

Tsohuwar laftof ɗinsa ce ta daina tashi. Faifan ajiyar da ke cikinta an raba shi gida biyu, ɗaya na windo, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ɗaya na kayan mai ita. A gida na biyun nan littafinsa yake, wanda ya shekara shida yana bugawa: labarin matarsa, wadda ta rasu 'yarsu tana da shekara biyu. Shafi ɗari uku da goma sha ɗaya. 'Yar ta girma, nas ce a wani gari mai nisa, ba ta san komai na uwarta ba sai hoto guda. Ƙarshen wata za ta zo, kuma likita bai ɓoye wa Baba halin da zuciyarsa take ciki ba. Har rim ɗin takarda ya sayo ya ajiye mini a kan kanta, ya ce da zarar kwamfutar ta tashi in buga masa littafin ya damƙa mata hannu da hannu.

Na nuna masa allon da yatsa. "Ka ga wannan layin na biyu? Nan littafinka yake, lafiyarsa ƙalau. Na saman kawai zan goge."

"Ba za ka fara kwafe shi a ɗan filash ɗin nan naka ba?"

"Haba Baba! Sau nawa na yi aikin nan? Ido rufe ma zan yi shi."

Kwafewar aikin minti goma ne. Filash ɗin yana rataye a jikin makullaina. Har gobe ina tambayar kaina me ya hana ni, kuma amsar ba ta canza ba: girman kai ne kawai.

Ya miƙe da ƙyar, ya ce lokacin maganinsa ya yi, zai dawo da yamma.

Na gwada duk abin da na saba. Na sauya filash ɗin da ke ɗauke da windon, na sauya ramin da na soka shi, na ciro faifan na hure ƙura na mayar. Saƙon nan dai bai fasa fitowa ba. Daga baya na gane matsalar ba wata babba ba ce: an raba faifan da tsohon tsari, sabon windon kuma yana neman sabon tsari. Saiti ɗaya zan juya a kwamfutar ta karɓa. A lokacin kuwa zafi ya ishe ni, ga mai askin shagon kusa ya zo ya tsaya mini a ka yana sakace haƙori.

"Injiniya guda, kwamfutar tsoho ta gagare ka? Ko in kira maka mai gyaran bakin titi ya taimaka?"

"Kai, koma kan ƙeyar mutane, ka bar mana aikin ƙwaƙwalwa."

Sai na buɗe baƙin allon da muke rubuta umarni, na zaɓi faifan, na buga kalmar da ke share shi. Na san kalmar nan sarai. Ba ta san gida ɗaya ko gida biyu ba, faifan gaba ɗaya take sharewa. A sabbin kwamfutocin da ba komai a cikinsu kullum ita nake bugawa, hannuna ya saba. Ko a nan da na tsaya, da an ceto littafin cikin sauƙi. Amma ina kallon mai aski ina yi masa gwalo na danna ci gaba, windon ya fara zuba, ya bi ta kan komai.

"Ka gani ko?" na ce masa. Har tafi ya yi mini.

Sai da kwamfutar ta tashi tas, na shiga neman gida na biyu, na ga gida ɗaya ne tal, fanko. Na ja ƙofar shago, na ciro faifan na haɗa da tawa kwamfutar, na sa manhajar tono abin da aka goge. Awa uku tana aiki. Ta tono mini hotuna biyu rabi da rabi, da tsofaffin takardun fansho, da wani fayil mai sunan littafin. Na buɗe shi, ba komai a ciki sai tarkacen alamomi.

Da yamma ya dawo, ya zauna a inda ya tashi.

"Baba," na ce, idona a kan sukundireban da nake juyawa, "ashe faifan ya riga ya ruɓe daga ciki. Shi ya sa yake ta ƙi. Gidan da littafinka yake ya tafi tun kafin ka kawo ta."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya goge, ya sake gogewa.

"Duka?"

"Duka, Baba."

"To." Ya mayar da tabarau ya dube ni, ni kuwa na kasa ɗaga kai. "Sannu da ƙoƙari, Injiniya. Yanzu dai tana tashi ko?"

Na ce tana tashi. Ya rungumi laftof ɗin ya fita a hankali, ya bar rim ɗin takardar a kan kanta.

Washegari da safe ina ɗaura agogo na ji ƙarar ta bango. Baba bai taɓa koyon taɓa madannai a hankali ba, dukansu yake yi kamar har yanzu tafiretar ƙarfe ce a gabansa. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya yi kaɗan ya tsaya, tari ya biyo baya, ya sake farawa.

"Baba ya koma aikinsa," in ji matata tana zuba mini shayi. "Ka gyara masa ke nan?"

"Na gyara."

"To me ya sa ka yi fuska kamar wanda aka yi wa sata?"

Na ce kaina ke ciwo. Daga ranar na daina bi ta ƙofar gidansa, sai in zagaya ta bayan layi in je shago, ni da nake leƙa shi kowace safiya. A rana ta biyar matata ta ritsa ni, na gaya mata komai. Ba ta ɗaga murya ba, da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

"Kuskure kowa yana yi," ta ce. "Amma ƙaryar fa? Tsoho mara lafiya? Tashi ka je ka faɗa masa."

Na je. Na same shi a kujerarsa ta falo, ƙafafunsa sun kumbura har silifa ba ya shiga, laftof a kan ƙaramin tebur, kwalaben magani a gefe.

"A'a, Injiniya! Ɓatan kai ka yi? Zo, Allah ne ya kawo ka. Ƙara mini girman rubutun nan, idon ya fara yi mini gardama."

Na ƙara masa. Maganar tana bakina, wallahi tana bakina.

"Abin da na buga da can ba ya dawowa yadda yake," ya ce. "Jiya wuni na yi ina neman kalar rigar da ta sa ranar da na fara ganinta a tashar mota. Na san na rubuta a na farkon. Yanzu na rasa ko shuɗiya ce ko koriya." Ya juyo. "Da magana ne?"

"Babu, Baba. Gaishe ka na zo yi."

"Ka kyauta," ya ce.

Ƙarar ta dinga raguwa kullum. A rana ta goma sha ɗaya ban ji ta ba. Matata ta kai masa abin karin kumallo, sai ga ta ta dawo da gudu ba ko ɗankwali. Ni da mai aski muka ɗauko shi daga kujerar muka sa a mota, kansa a kan cinyata. Kafin mu kai asibiti ya cika. Allah ya jiƙan Baba.

'Yarsa ta iso a ranar. Bayan kwana huɗu, da mutane suka ragu, ta shigo shagona da laftof ɗin a hannu. Doguwa ce, mai kama da shi a goshi.

"Yaya, kai ne Injiniya ko? Baba ya ce mini a waya akwai takarda a wurinka. Ina so ka buga mini abin da ya bari."

Na buɗe fayil ɗin. Shafi tara ne. Ban yi niyyar karantawa ba, amma rubutun manya ne, ni na ƙara masa girma da hannuna.

"'Yata, wannan na biyu ne. Na farkon ya fi shi tsawo da kyau, ya ɓace a wurin gyara. Maƙwabcina ya ce faifan ne ya ruɓe, alhali da rana ya nuna mini littafin da yatsansa lafiya lau. Na bar shi a haka, don na ga yadda kunya ta hana shi kallona. Mutumin kirki ne, kada ki riƙe shi. Yanzu bari in gaya miki yadda na haɗu da mahaifiyarki."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. "Ƙanwata," na ce, "ni na goge shi. Ya ce in kwafe, na ƙi. Sannan na yi masa ƙarya."

"Na karanta," ta ce. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba. "Shafi nawa ne na farkon?"

"Ɗari uku da goma sha ɗaya."

Ta runtse ido na ɗan lokaci. "Buga mini taran."

Na sauko da rim ɗin daga kanta, na yage bakinsa, na zaro 'yan takardu na sa a firinta. Shafi na tara bai kai rabi ba, ya tsaya a tashar mota, uwarta tana saukowa da jaka a hannu. Ta tattara su, ta daidaita gefensu a kan teburina, ta sa a jaka ta fita.

Sauran rim ɗin yana nan a kan kanta, bakinsa a yage. Kowace safiya idan na buɗe shago nakan goge masa ƙura.