Kwana Biyun Malam Abdulhadi

"Ɗaga ni, Mudassir. Gadon nan ya ishe ni."

Karo na huɗu ke nan tun azahar. Na kai shi kujerar bakin taga, bai yi minti biyar ba ya ce a mai da shi. Malam Abdulhadi maƙwabcina ne a unguwar Rusaifa nan Makka, ƙofarmu na kallon juna a hawa na uku. Shekara talatin ya yi yana koyar da tarihi, ba kuma wanda yake so kamar na Rumawa. Ranar Lahadi likita ya sallamo shi, ya ce zuciyar ta gaji.

"Yau nawa ga wata?"

"Na Hijira ko na Miladi, Baba?"

"Miladi mana. Da shi aka rubuta tikitinta."

'Yarsa tilo, Zubaidatu, likita ce a tsibirin Ailan, can Turai. Jirginta sai Alhamis, ga shi muna Talata.

"Ka san Kaisar ya taɓa ƙara wa shekara kwana casa'in?" in ji shi, yana jan bakin zanen gado. "Kalandarsu ce ta rikice, bikin girbi na zuwa hatsi bai nuna ba. Ya ce a ƙara, aka ƙara." Tari ya sarƙe shi. "Ni biyu nake nema. Astagfirullah. Kira min ita."

Na kira ta a bidiyo, wayar na ringin yana magana. "Rumawa sun cinye ƙabilun Keltawa na Faransa, sun ci na Birtaniya, suka tsaya bakin teku suna hangen tsibirin Ailan. Ita kuwa ta haye."

Fuskarta ta bayyana. "Ya Baba, isbir, ka yi haƙuri, wallahi ina tafe."

"Na sani. Kada ki yi gudu da mota."

Da hantsin Laraba ya ce in buɗe taga, in rufe, in sake buɗewa. Ina juyowa na ji yana shahada a hankali. Na riƙe hannunsa har ya saki.

Na kira ta. Ta ce, "Kada ku jira ni. Ku kai shi Harami."

Bayan la'asar aka yi masa salla.

Washegari na ji ana jan akwati a matakala. Na fito da makullin gidansa. Zubaidatu na tsaye a ƙofarsa, zufa na bin goshinta, rigar sanyi mai kauri rataye a hannunta.