Sifili a Kwanar Gangare

Sau biyu Inna Tela tana zuwa taron ƙarshen shekara na hukumar gari da ƙafafunta biyu. Bana da sanda ta zo, tana jan ƙafar hagu. Abin da take nema bai canza ba, kuma kowa a zauren ya haddace shi: a yi tudun rage gudu, a kafa shingen ƙarfe a kwanar gangaren da ke ƙofar shagon ɗinkinta, inda motoci ke sulalowa daga sama kamar an koro su. Ƙa'idar hukuma kuwa ba ta da wuyar ganewa. Kowace shekara ana duba alƙaluman haɗurra, tituna ukun da suka fi yawa su ake gyarawa, sauran su jira baɗi.

Jami'ar kiyaye haɗurra, wata siririyar mace mai tabarau, ta miƙe gaban allo tana karantawa. Bara waccan an yi haɗari ɗari biyu da sha biyu a garin. Bara ɗari da casa'in. Bana ɗari da sittin da ɗaya. Zaure ya ɗauki tafi, shugaban taro yana gyaɗa kai kamar da hannunsa ya tare motocin. Daga nan ta shiga titi-titi, har ta iso kan kwanar gangare.

"Bara waccan shida, bara biyu, bana sifili. Wannan kwana ta fita daga jerin wurare masu haɗari."

Inna Tela ta dogara sanda ta miƙe. Ba ta ɗaga hannu ba, ba ta jira a ba ta izini ba.

"'Yata, sake faɗa mini, kunnena ya tsufa. Bana nawa?"

"Sifili, Mama."

"To wannan fa?" Ta buga ƙafarta da sandar. "Aljanu ne suka karya ta? Wata bakwai ke nan motar yashi ta kwashe ni a wannan kwanar, ina tsallaka titi da rana tsaka. Ko ni ce sifilin?"

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Shugaban taro ya ce za a duba, wanda a bakin irinsu yana nufin a zauna. Ba ta zauna ba sai da ƙafar ta gaji don kanta.

Bayan an watse jami'ar ta same ta a bakin ƙofa, da kwamfutarta a hannu. Ba mai girman kai ba ce, wannan kam Inna Tela ta shaida. Ta nemi ranar da abin ya faru, ta duba rahoton 'yan sandan hanya, babu komai. Ta duba jerin da asibiti ke aiko musu na waɗanda mota ta buge, nan ma babu.

"Mama, mu abin da aka kawo mana muke ƙirgawa. In 'yan sanda ba su auna wuri ba, asibiti kuma ba su rubuta cewa mota ce ba, to a wurinmu ba a yi ba. Ranar da aka kai ki, me aka ce ya same ki?"

Inna Tela ta tuna katin asibitin da ke cikin aljihun jakarta, wanda ba ta taɓa damuwa da karanta shi ba. Ta zaro shi ta miƙa. Jami'ar ta gyara tabarau ta karanta a hankali.

"An rubuta kin faɗo daga tsani."

Ba ta buƙaci a gaya mata aikin wane ne ba. Shekara talatin da biyu tana zaune da shi.

Mijinta mai gyaran jikin mota ne, garejinsa na gindin gangaren, tsallaken shagonta, kuma tun yana saurayi ake kiransa Mai Guduma. Mutumin kirki ne, kada wani ya ce ba haka ba. Yana da wata ɗabi'a da ta sa direbobin garin ke ɗaukarsa uba. Da ya ji ƙarar birki da tartsatsin gilashi, sai ya yar da guduma ya ruga, abokan aikinsa na biye. Kafin labari ya kai kunnen 'yan sanda an ture motocin gefe, an share gilashi, an watsa ƙasa a kan mai. Wanda ya ji rauni a sa shi a mota a kai asibiti, a ce faɗuwa ya yi, don kada a tsaya neman takardar 'yan sanda. Masu motar kuma a zaunar da su ƙarƙashin rumfa, a ba su ruwa, a yi ta ba su baki har su yi musafaha. Ba kotu, ba ƙwace lasisi, ba mota a caji ofis tana cin tsatsa. Shi ya kira wannan rufin asiri, kuma ya gwanance a kai shekara bayan shekara, har ta kai bana ko ɗaya bai kuɓuce masa ba.

Ta same shi da yamma a gareji yana miƙe murfin wata mota da ya lotse. Ta ajiye katin a kan murfin.

"Malam, yaushe na taɓa hawa tsani?"

Ya kalli katin, ya sosa ƙeya. "Haba, Maman Auta. Jini kike zubarwa fa. So kike in tsaya cike takarda? Ga direban nan durƙushe yana kuka, 'ya'yansa biyar. Kuma ai ya tsaya a kanki har aka sallame ki."

"Na ji, ya kyauta. Yanzu gaya mini, bana mota nawa ka tura cikin rumfar nan daga kwanar nan?"

"Ni ina na sani? Ƙirgawa nake yi?"

"Ni na ƙirga, don a gaban keken ɗinkina ake yi. Sha bakwai. Har da mai kayan miya da ya rasu bayan kwana huɗu, wanda kuka ce ciwon zuciya ne. Su kuma can sun rubuta sifili, sun yi tafi, sun kai tudun wani titi."

"To laifina ne da na hana mutane shiga uku?"

"Laifinka ne da ka iya aikin fiye da kima." Ta ɗauki katinta. "Ka ji ni da kyau. Daga yau duk motar da ta yi karo a kwanar nan, mai rauni a kai shi asibiti a faɗi gaskiya, mota kuma ba mai taɓa ta sai an zo an auna. Ko ta wace ce."

Ya yi 'yar dariya ya koma kan gudumarsa. Ya ɗauka zafin rai ne irin na wanda ya sha zaman kujera, gobe zai huce.

Kwana goma sha ɗaya kwanar ta yi shiru. A na sha biyu, da hantsi, tana tsakar sa wa wata riga hannu, ta ji ƙarar da ta sani fiye da muryar maƙwabtanta. Birki ya yi kuka mai tsawo, sannan dum. Ta ɗauki sanda da waya ta fito.

Motar ɗaukar ruwan sha ce, fara, ta tsaya a karkace a tsakiyar kwanar. Babur na kwance ƙarƙashin hancinta, mai babur ɗin yana gefen kwata riƙe da kafaɗa, goshinsa na jini. Ta gane motar tun kafin direban ya buɗe ƙofa. Autanta ne. Shekara ashirin da takwas, wata biyar da samun aikin, matarsa da tsohon ciki.

Da a ce tana da hanyar da za ta koma cikin shago ta ce ba ta ji komai ba, wallahi da ta so. Amma ga Mai Guduma can ya taso da mutum huɗu, suna naɗe hannun riga.

Ta riga su isa, da ƙafa ɗaya da rabi. Ta sa maƙwabcinsu mai shagon taya ya ɗauki mai babur a motarsa. "Ka ce musu mota ce ta buge shi, a kwanar gangare. In ka ce tsani, ni da kai ne." Sai ta je ta tsaya a gaban motar ruwan, cikinta na taɓa ƙarfen gaba, ta kafa sanda a kwalta.

"Matsa, Maman Auta," in ji mijinta.

"Ba inda za ni."

"Ke, ɗanki ne fa!"

"Na san wanda na haifa."

Auta ya zagayo. Ya durƙusa a gabanta a kan kwalta, a gaban jama'ar da ta fara taruwa.

"Inna, don Allah. Ba gudu nake ba, wallahi gangaren ne ya ja ni, ga nauyin ruwa. In aka rubuta, lasisina za su riƙe wata shida. Kamfani ba za su jira ni ba. Kin san halin da ake ciki a gida."

Ta sani. Ta kuma san bai yi ƙarya ba, gudunsa bai fi na kowa ba, kwanar ce ba ta yafe wa kowa. Tausayinsa ya cika ta, idonta ya kawo ruwa, ba ta kuma ɓoye ba.

"Tashi, Auta. Na ji ka. Wanda ya karya ni ma haka ya durƙusa, kuma shi ma gaskiya ya faɗa. Aka rufa masa asiri, aka rufa wa na bayansa, ga shi yau ta iso kanka. Nan da shekara kaɗan ɗan da ke cikin matarka zai tsallaka titin nan ya zo wurina. Wa zai durƙusa mini ranar?"

Ta danna lambar da jami'ar ta ba ta ranar taro.

Motoci sun yi layi har saman gangaren, ana ta hon. Direbobi suka sauko, kowa da tasa. Wani ya ce tsohuwar ta zautu. Wani ya ce ita ce uwa ta farko da ya gani tana kai ɗanta ƙara. Wata mata daga cikin motar haya ta leƙo ta ce a ji tsoron Allah, suna da wurin zuwa.

"Ku bi gefe a hankali, akwai hanya," in ji Inna Tela. "Yau dai kun rage gudu ba tare da tudu ba."

Mai Guduma ya matso kusa, ya sassauta murya, fuskarsa a murtuke. "Shekara talatin ina tare wa mutane wannan masifa. Yau ke za ki jawo ta cikin gidana?"

"Tana cikin gidanka tun wata bakwai, Malam. Kullum tana bin ka da sanda."

Ya dube ta, ya dubi ɗansa. Ɗaya daga cikin abokan aikinsa ya sa hannu a jikin motar yana jiran umarni. Turawa ɗaya za su yi, amma sai sun bi ta kanta, kuma duk wanda ya san ta ya san ba za ta kauce ba. Mai Guduma ya saki hannun rigarsa ya juya gareji, bai ce kowa ya biyo shi ba.

Minti arba'in ta yi a tsaye a rana, ƙafar na zugi, ta ƙi kujerar da aka kawo mata. 'Yan sandan hanya biyu suka iso, jami'ar na biye a motarta. Suka ja igiyar awo daga inda taya ta fara zane har inda ta tsaya, suka zana wurin babur da alli, suka ɗauki hoto. Babban cikinsu ya kalli kwanar sama da ƙasa ya ce rabon da a kira su nan har ya manta. Sai ya miƙa wa Auta hannu. Auta ya zaro lasisin daga aljihu ya ba shi.

Jami'ar ta zo ta tsaya kusa da ita. "Mama, gara in gaya miki tun yanzu. Guda ɗaya ba zai kawo tudu ba. Titin da ya zo na uku bana sha huɗu gare shi."

"Mu sha bakwai muka yi. Ki dai riƙe wayarki a kusa."

Aka ja motar ruwan zuwa caji ofis, aka ɗora babur a bayanta. Jama'a suka watse suna waiwayenta. Auta ya tsaya shi kaɗai a bakin titi, hannu babu makulli, yana kallon inda motar ta bi.

"Auta," ta kira shi. "Shigo ka sha ruwa."

Ya juyo ya dube ta, idanunsa jajur. Tun da ya iya magana bai taɓa wuce ta bai amsa ba. Ya kama hanyar gidansa a ƙafa, yana hawa gangaren, ita kuma ta tsaya tana kallon bayansa har ya sha kwana. Ta share fuska da gefen mayafi. Sannan ta kira mai shagon taya a waya, ta tambaye shi me aka rubuta a katin.