Lailatu Na Ciki

Gindin bindiga na farko a haƙarƙari ya samu Siddiƙu mai hoto, na biyu a ƙeya. Maƙwabcinsa Tambari na tsaye cikin ruwa iya gwiwa, ya kasa ko ɗaga ƙafa.

"Uban wa ya ce ka ɗau hoto?" in ji ɗaya daga cikin sojojin, yana tattaka shi cikin laka.

Laifin ke nan fa. Ɗan kwangilar sabon titin bayan Runjin Sambo ya toshe hanyar ruwa, ruwan sama ya rasa mafita, ya afka gidajen talakawa. Katangar Tambari ta danne 'yarsa Lailatu har lahira. Siddiƙu kuwa, uban taurin kai, ya bi gida-gida yana ɗauka don duniya ta gani.

Suka ragargaza kyamarar da takalmi, suka hau motarsu. Ba su san tuni ya zura fim ɗin da ya cika a aljihun Tambari ba.

A kan ƙyauren ƙofa aka kai Siddiƙu gida, jini na fita ta hanci da kunne. Ya damƙi rigar Tambari.

"Abin ga da nib ba ka, Lailatu na ciki. Tun kahin ruwa niɗ ɗauke ta, tana dariya."

Bai kai la'asar ba.

Lailatu ba ta taɓa yin hoto ba sai wannan. Da aka dawo daga maƙabarta, uwarta Tani ta tare Tambari a tsakar gida, idanunta sun kumbura.

"Don Allah Malam, in gan ta ko sau guda."

Sau nawa Tambari ya ga Siddiƙu na ɗaga fim sama, 'yan mutane na bayyana a jiki? To, mene ne a ciki? Wayyo, bawan Allah manomin fadama, wa ya taɓa gaya masa haske na cinye hoton da ba a wanke ba! Ya sa wuƙa ya ɓalle gwangwanin, ya warware fim ɗin tun daga farko har ƙarshe, ya ɗaga shi saitin rana.

Fayau. Babu katanga, babu ruwa, babu kowa.

"Ka gane ta?" in ji Tani. "Wace ta ciki?"

"Dakata tukuna," ya ce.

Ya sake bi da yatsa a hankali, ya juya shi, ya sake bi. Can ya rataye shi a igiyar shanya, kusa da ɗan zanen Lailatu da bai gama bushewa ba.