Yuriyar da Ba Ta Zo Ba

Hanne ta durƙusa a tsakiyar kunya, ta kama ganyen dawar ta juya shi. Na ƙasa duk sun koma ruwan ɗorawa, karan kuma bai wuce gwiwarta ba, alhali damina ta raba. A gonar maƙwabcinta kuwa, farafara ta kai kafaɗa da ɗan takin shanu kawai.

Shekara uku ke nan da rasuwar mijinta, gonar nan ta bakin Gafasa ita ke ciyar da 'ya'yanta huɗu. Kaura ta saba shukawa, wadda ko ba taki takan kai su bazara. Sai bana Malam Ɗayyabu, malamin gona, ya tara zawarawa a ƙofar gidan mai unguwa, da sabon iri a leda.

"Gajere ne, yana nuna da wuri, yana ninka kaura," in ji shi. "Amma mayunwaci ne, sai an ba shi takin yuriya sau biyu. Kada ku damu, ƙungiyar da ta aiko shi za ta ba kowacce buhu biyu."

Hanne ta dangwala yatsa a takarda. Ta shuke gonar duka, irin kaurar da ta ajiye kuwa aka niƙa aka yi tuwo.

*

Sau uku tana hawa babur zuwa Ajingi neman takin. A na uku ta sami Malam Ɗayyabu a gindin darbejiya, ya kasa haɗa ido da ita.

"Malam, dawa tana mutuwa a tsaye."

"Malama Hanne, wallahi takin ya zo. Kwamitin rabo ne ya karɓa. An ma sa alama gaban sunanki, wai kin ɗauka."

"Ni? Yaushe?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ga buhunan da idona a kasuwar Gaya, ko tambarin ba a goge ba."

"To, ka faɗa mana!"

"Wa zan faɗa wa? Alhaji Hafizu ne shugaban kwamitin. Shi ya sa hannu aka ɗauke ni aiki."

*

Da kaka ta matso, zangarniyoyin gonarta suka fito sirara, rabinsu ba ƙwaya. Wata safiya farar motar ƙungiyar ta tsaya ƙofar gidanta. Hanne ta yafa mayafi da sauri, tana shirya maganar da za ta faɗa. Aka ɗauke ta, amma motar ta wuce hanyar gonarta, ba ta tsaya ba sai a ta Alhaji Hafizu.

Irin nan ne dai, iri ɗaya da nata. A nan ya ƙoshi, kawunan sun sunkuya don nauyi.

"Mama, kin ga abin da irin nan yake yi idan ya sami taki?" in ji ma'aikaciyar ƙungiyar, tana gyara kyamara. "Yaya kika ji da gonarki bana?"

Hanne ta buɗe baki. Alhaji Hafizu yana tsaye gefe yana murmushi, kuma a hannunsa sunayen masu samun hatsin azumi suke.

"An gode Allah," ta ce.

Aka yanko zangarniya mafi girma aka ɗora mata a hannu biyu, aka ce ta ɗaga kai ta yi fara'a. Ta ji nauyinta har cikin kafaɗa. Da aka gama hoto, mai gadin gonar ya zo ya zare ta daga hannunta, ya kai bayan motar Alhaji.