Muryar Raliya a Tungar Jaji

Rana ta take tsaka lokacin da motocin biyu suka tsaya a bakin Tungar Jaji, amma ko kukan akuya babu. Raliya ta sauko tana gyara rigar ƙungiya da ta ɗora a kan hijabinta. Ciyawa ta cinye hanyar da ta saba bi zuwa firamare. Ƙofofin gidaje duk a buɗe suke, kamar masu su sun leƙa maƙwabta ne yanzu za su dawo. A gindin tsamiya wani turmi na nan a tsaye, gara ta gina gidanta a ciki.

Ba ta gaya wa kowa cewa nan aka haife ta ba.

Ɗalibar ajin ƙarshe ce a jami'a. A wani taro da aka shirya musu a makaranta, an ce duk mai son aiki da manyan ƙungiyoyin raya ƙasa na ƙetare sai ya fara da aikin sa-kai: ba albashi, amma akwai takardar shaida, kuma ita ce ke buɗe ƙofa. Raliya ta ga waɗanda suka gama kafin ita suna gararamba a gari, ga mahaifiyarta a ɗakin aro a cikin Birnin Gwari tun da 'yan bindiga suka watsa ƙauyen. Ita ce ta fara ɗaga hannu. Sai da suka wuce Dogon Dawa a safiyar yau ta gane inda aka nufa.

"Maza-maza, ba kwana muka zo ba," in ji Oga Naziru, shugaban tawagar. "Masu dajin sun ba mu zuwa la'asar."

Aka yaye tamfol ɗin babbar motar da ta biyo su. Mata da tsofaffi suka rinƙa saukowa, 'yan gudun hijira ne da aka kwaso da alkawarin shinkafa, don su tsaya a hoto kamar sun dawo gida. Ta ƙarshen da ta sauko, tana dafa gwiwa, Inna Kadijatu ce, mahaifiyar Raliya.

Raliya ta sunkuyar da kai. Inna ta zo wucewa ta gefenta, ta ce a hankali, "Ashe da ke aka zo. Yi aikinki, 'yar nan. Kada ki nuna kin san ni, su ce kin sa son kai."

*

Famfon tuƙa-tuƙa ne a tsakar gari, sabon fenti sai ƙyalli yake, amma babu rijiya a ƙarƙashinsa. Direba ya buɗe kan famfon ya juye jarkoki a ciki. Aka sa Mama Asibi, tsohuwar maƙwabciyarsu, ta tuƙa. Ruwa ya zubo, aka ce a yi guɗa. Guɗar ta fita siririya, ta daki bangayen da ba kowa, ta dawo musu.

A lokacin ne Raliya ta hango su. Can bakin daji, tsakanin itatuwan ɗorawa, mutane ne zaune a kan babura, fuskoki a naɗe, ba sa motsi. Ɗayansu ya ɗaga hannu a hankali, kamar mai gaida baƙinsa.

"Kada ki kalle su," Oga Naziru ya ce. "Zo ki yi mana tafinta. Waccan tsohuwar nake so, fuskarta za ta taɓa zuciyar Turawa."

Ya ja Inna zuwa wata ƙofa da ya ga haske ya fi kyau a wurin. Ƙofar gidansu ce. Daga inda take Raliya na iya ganin igiyar shanyar da babanta ya ɗaura, tana lilo ko da yake babu iska.

"Iya, yaya kika ji da kika dawo gidanki?" Oga Naziru ya tambaya, mai ɗaukar hoto ya matso.

Inna ta kalli dokin ƙofar.

"Ba na son tsayuwa a nan," ta ce. "A nan suka harbe mai gidana. Ina riƙe da butarsa, zai yi alwala. Har yanzu ina jin kamar yana tsaye a bayana."

Oga Naziru ya ji sarai, ai Bahaushe ne. Ya dubi Raliya yana murmushi. "Fassara yadda masu kallo za su fahimta. A ofishin Abuja ana neman mutum ɗaya, kuma ni zan ba da suna."

Raliya ta dubi tsofaffin silifas ɗin Inna da aka ɗaure da leda. Sai ta ji muryarta na fita da Turanci mai daɗi, tana cewa wannan baiwar Allah ta gode, ta dawo gidanta, ta samu ruwa, yanzu tana barci da ido biyu rufe.

Inna ba ta jin Turanci. Ta dai kalli 'yarta da alfahari, ta gyaɗa kai.

*

Bayan ta gama jarrabawa ta zo Birnin Gwari da albishir: an kira ta Abuja. Ta tarar da layinsu ya yi shiru. Ɗakin Mama Asibi a buɗe, ba ko tabarma. Inna na zaune a ƙasa, ta shimfiɗa zani tana jera tukwane a kai.

"Inna, ina mutane?"

"Sun koma Tunga. An daina rabon abinci, wai an rubuta mun koma gida. Mai ɗakin ma ya ce a ba shi wurinsa." Ta ɗora ludayi. "An nuna mu a waya, kowa ya gane muryarki, masu jin Turanci suka fassara mana. Asibi ta ce tunda 'yar gida ce ta faɗa, kuma mai ilimi, to lafiya ta samu."

"An ji daga gare su?"

"Can ai waya ba ta shiga."

Raliya ta durƙusa. "Inna, famfon nan babu ruwa a cikinsa."

"Na sani. A gabana aka juye jarkokin."

"Mutanen nan kuma suna nan a bakin daji. Ki bari in fara aiki, in kama miki ɗaki. Don Allah, Inna."

"Allah ya ba ki sa'a, ki je ki yi aikinki. Ni dai ba zan kwana a titi ba alhali ina da ƙofa."

Ta miƙa hannu ƙarƙashin katifa ta zaro wani farin yadi, sabo, a ninke, wanda ta daɗe tana ajiya. Ta shafa shi, ta ɗora a saman kayan, inda mai nema ba zai sha wahala ba. Sannan ta haɗo bakin zanin.

"Sa min yatsa a nan in ƙulle," ta ce.

Raliya ta sa.